Ƙarshen Halifanci A Santambul Da Dokokin Mustafa Kamal

A cikin labarun mutanen dā, da na alhazan da suka yi hajji ta ƙasa, a kan ji sunan Sarkin Santambul, watau sarkin Turkawa, wanda Makka da Madina da Ƙudus su ke ƙarƙashin tutarsa, wanda kuma Musulmi da yawa su ke kira Halifa. To, yau babu wannan sarauta. An kawar da ita ran 3 ga watan Maris 1924, kuma Musulmi ne suka kawar da ita, Turkawa da kansu, a cikin majalisarsu. Muna so mu bayyana wa 'yan'uwa yadda wannan al'amari ya auku, da dokokin da suka biyo bayansa, gama akwai abin dubawa a ciki ga duk wanda zai zama malamin makaranta, shi ne iyakar inda doka ta ke iya kaiwa in ana so a sāke halin jama'a da ita.

Asalin gidan sarautar daga wani shugaban Turkawa ne mai suna Usman, wanda ya kafa ƙaramar daula wajen shekara ta 1300, shi ya sa a ke ce da ita Daular Usmaniyya. Zuriyarsa suka yi ta cin ƙasashe, har Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin Rumawa, Ƙusɗanɗiniyya, cikin 1453, shi ne Santambul. Cikin 1517 Sarki Salim ya ci Masar, Sharifin Makka ya yi masa mubaya'a. Labarin ƙarfinsu ya ƙetare hamada tun da wuri, don a cikin shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Barno ya aika manzanni ga Sarki Muradu na Uku, kuma akwai Turkawa 'yan bindiga a cikin rundunarsa.

Abin lura shi ne, sa'ad da daular ke da ƙarfi sarakunanta ba su cika yin tinƙaho da sunan Halifa ba, takobi ya ishe su. Sai da ƙasa ta fara zaizayewa, Rasha ta ci nan, Faransa ta ci can, Ingila ta shiga Masar, sa'an nan Sarki Abdulhamid na Biyu, wanda ya yi sarauta daga 1876 zuwa 1909, ya ɗaukaka sunan ƙwarai. Dabararsa ita ce Turawa su san in sun matsa masa, Musulmin da ke ƙarƙashinsu a Indiya da sauran wurare ba za su ji daɗi ba. Shi ne ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Dimashƙa zuwa Madina, da gudummawar Musulmi daga ƙasashe da yawa, jirgin ya isa Madina cikin 1908.

An gwada nauyin wannan suna a Babban Yaƙi na Farko. Turkawa suka shiga yaƙin a sashen Jamus cikin 1914, aka yi shelar jihadi da sunan Halifa, ana kiran Musulmin duniya su tashi wa Ingila da Faransa da Rasha. Kiran bai yi wani tasiri mai yawa ba. Sojan Indiya Musulmi suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Ingila, cikin 1916 kuma Sharif Husaini na Makka ya yi tawaye, ya haɗa kai da Ingilishi. A cikin wannan yaƙi ne har wa yau, cikin 1915, hukumar Turkawa ta kori Armeniyawa, Kiristan ƙasar, daga garuruwansu, aka hallaka dubban ɗaruruwa daga cikinsu. Da yaƙi ya ƙare cikin 1918, Sham da Iraƙi da Hijaz duk sun kuɓuce, jiragen yaƙin Turawa na tsaye a bakin Santambul, Sarki ya zama kamar ɗan sarƙa a cikin fadarsa. Cikin watan Mayu 1919 kuma Yunanawa, mutanen Girka, suka sauke soja a birnin Izmir.

A nan ne Mustafa Kamal ya fito. Hafsan soja ne, haifaffen Salonika cikin 1881, ya yi suna tun 1915 sa'ad da ya tare sojan Ingila a Galiboli. Ya bar Santambul ya shiga tsakiyar ƙasa yana tara mayaƙa, aka kafa majalisa a garin Ankara ran 23 ga Afrilu 1920. Ranar kuwa Jumma'a ce, da gangan aka zaɓe ta. Sai da aka yi salla a masallacin Haji Bairam, aka yi yanka, aka yi addu'o'i, kana aka buɗe majalisar, kuma abin da aka faɗa wa talakawa shi ne za a yi yaƙi don a fid da Halifa daga hannun baƙi. Shaihul Islam na Santambul ya ba da fatawa cewa 'yan tawaye ne, jininsu ya halatta. Muftin Ankara, Rif'at Efendi, da malamai fiye da 100 suka ba da tasu fatawar, suka ce fatawar da aka bayar ƙarƙashin tilascin abokan gaba ba ta ɗaure kowa. Musulmin Indiya suka tara kuɗi suka aiko. Da aka ci nasara a kogin Sakariya cikin 1921, majalisa ta ba Kamal sunan Gazi, watau mayaƙi don addini, cikin Satumba 1922 kuwa aka karɓe Izmir. Ya kamata a riƙe wannan, don a gane dalilin da ya sa abin da ya zo daga baya ya ba mutane mamaki.

Kamal bai sare itacen da sara ɗaya ba. Ran 1 ga Nuwamba 1922 majalisa ta raba sarauta da halifanci, ta kashe sarautar. Sarki Wahiduddin ya fita da asuba ya shiga jirgin yaƙin Ingila, aka kai shi tsibirin Malta. Majalisa ta naɗa ɗan'uwansa Abdulmajid Halifa, amma ba soja, ba baitulmali, ba hukunci, sai suna da addu'a a huɗuba. Cikin Yuli 1923 aka ƙulla amana da Turawa a garin Lozan, aka kuma yi musayar jama'a da Girka bisa ga addini: Kirista fiye da miliyan 1 suka bar ƙasar Turkawa, Musulmi wajen 400,000 suka zo daga Girka. Ta haka ƙasar da za ta yar da halifanci ta zama kusan duk mutanenta Musulmi ne, abin da ba ta taɓa zama ba a zamanin sarakuna. Ran 29 ga Oktoba 1923 aka yi shelar jamhuriyya, watau mulkin da ba sarki, Kamal ya zama shugaba.

Gari ɗaya ba ya ɗaukar sarki biyu. Duk wanda ke jin haushin Ankara sai ya riƙa kai gaisuwa wurin Halifa a Santambul, Kamal kuwa yana gani. Ana nan sai manyan Musulmin Indiya biyu, Aga Khan da Amir Ali, suka rubuto takarda suna roƙo a ƙara wa Halifa daraja, jaridun Santambul suka buga ta. Ankara ta ce ga shi nan, halifanci ya zama ƙofar da talakawan Ingila za su riƙa sa baki a cikin al'amuran Turkawa. Bayan 'yan watanni majalisa ta yanke hukunci. A daren nan aka ta da Abdulmajid daga fada, aka kai shi wata tasha a bayan birni don kada jama'a su taru, aka sa shi a jirgin ƙasa da iyalinsa zuwa Suwizalan. Aka kori dukan zuriyar gidan Usman daga ƙasar. Ya rasu a Paris cikin 1944, ba a yarda a kawo gawarsa gida ba, sai cikin 1954 aka binne shi a Madina.

Duniyar Musulmi ta girgiza, amma ba a sami wanda zai gaje shi ba. Musulmin Indiya, waɗanda suka yi shekara biyar suna fama da Ingilishi don a kiyaye Halifa, suka rasa abin faɗi. Sharif Husaini ya yi maza ya ce shi ne Halifa, kafin shekara ta fita Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya karɓe Makka daga hannunsa. Sarki Fu'adu na Masar shi ma yana so, aka tara malamai a Alƙahira cikin 1926, aka watse ba a naɗa kowa ba, domin kowane sarki yana so a naɗa shi, ba mai so ya bi wani. Wani alƙalin Masar, Ali Abdurraziƙ, ya rubuta littafi cikin 1925 yana cewa addini bai wajabta halifanci ba, malaman Azhar suka fid da shi daga cikinsu, aka tuɓe shi daga alƙalanci. Mu a ƙasar Hausa abin bai taɓa mu kamar yadda ya taɓa Indiya ba, gama tun zamanin Shehu ɗan Fodiyo muna da namu Sarkin Musulmi.

A ranar da aka kashe halifanci, a ranar aka mai da dukan makarantu ƙarƙashin ma'aikatar ilmi ta gwamnati, ba da daɗewa ba aka rufe makarantun malamai, aka rufe kotunan shari'a. Aka kuma kafa wani ofis mai suna Diyanet, wanda zai riƙa naɗa limamai da ladanai, ya biya su albashi, ya lura da abin da su ke faɗi a huɗuba. Shugabansa na farko shi ne Muftin Ankara ɗin nan da ya ba da fatawa. Sau da yawa a kan ce Kamal ya raba addini da mulki. Mu a ganinmu maganar ba ta cika daidai ba, sa addini ya yi a ƙarƙashin mulki, liman ya zama ma'aikacin gwamnati kamar malamin haraji. Wannan ofis ne kuma ya sa babban malami Hamdi Yazir ya yi tafsirin Alƙur'ani da Turkanci, wanda har yanzu a ke karantawa.

Cikin 1925 Shehu Sa'id, shugaban ɗariƙar Naƙshabandiyya a ƙasar Kurdawa, ya ta da yaƙi. Aka murƙushe shi, aka rataye shi da manyan mabiyansa, aka kuma sami hujjar rufe zawiyoyin ɗariƙu da hubbaren waliyyai a dukan ƙasar. A wannan shekara ne aka yi dokar hula. Hular Turkawa a lokacin ita ce jar dara, irin wadda muka sani. Kamal ya tafi garin Kastamonu da malafar Turawa a kansa, ya ce wannan ita ce hular mutanen da suka waye, cikin Nuwamba kuma aka hana dara. Mai karatu zai yi dariya ya ce hula dai? Amma malafa tana da baki, goshi ba ya taɓa ƙasa da ita wurin sujada, kuma tun kaka da kakanni da ita a ke gane wanda ba Musulmi ba. Aka yi bore a Erzurum da Rize da waɗansu garuruwa, aka rataye mutane, har da wani malami, Atif Hoja, wanda ya rubuta ɗan littafi kan kwaikwayon Turawa tun ba a yi dokar ba. Abin dariya kuwa, ita kanta darar Sarki Mahmudu na Biyu ne ya tilasta wa ma'aikatansa ita cikin 1829 maimakon rawani, mutanen wancan zamani suka ƙi ta, suka ce baƙon abu ce. Cikin shekara ɗari ta zama alamar addini har ana mutuwa dominta.

Cikin 1926 aka ɗauko dokokin aure da gado na Suwizalan aka juya su da Turkanci. Aka hana auren mace fiye da ɗaya, saki ya koma hannun kotu, rabon gadon mace ya zama daidai da na namiji, aure kuma ba ya ɗauruwa sai gaban ma'aikacin hukuma. A birane dokar ta zauna. A ƙauyuka kuwa mutane suka ci gaba da ɗaura aure wurin liman kamar dā, sai ya zama akwai 'ya'ya masu yawan gaske waɗanda a takardar gwamnati ba ta hanyar aure aka haife su ba, har dole majalisa ta riƙa yin dokar afuwa lokaci lokaci don a rubuta su. Sauran dokokin ba sai mun tsaya a kansu ba: aka koma lissafin watannin Turawa cikin 1926, aka cire maganar cewa Musulunci ne addinin ƙasa daga tsarin mulki cikin 1928, aka ba mata ikon jefa ƙuri'a da shiga majalisa cikin 1934, aka mai da ranar hutu daga Jumma'a zuwa Lahadi cikin 1935. Cikin 1934 aka ce kowa ya ɗauki sunan zuriya, shi kuwa majalisa ta ba shi Ataturk, watau Uban Turkawa.

Dokar da ta fi shafar aikinmu ita ce ta rubutu. Shekaru aru-aru Turkawa da baƙaƙen Larabci su ke rubuta harshensu, kamar ajaminmu. Amma Turkanci yana da wasula 8, kuma su ba su saba sa wasali a rubutu ba yadda mu ke sawa a ajami, babbaƙu kaɗai a ke jerawa. Saboda haka kalmar da ke nufin "ya zama" da wadda ke nufin "ya mutu", watau oldu da öldü, rubutunsu ɗaya ne, sai mai karatu ya duba abin da ke gaba da baya. Harafin kaf shi kaɗai yana tsayawa a madadin sauti uku ko huɗu. Bugu da ƙari harshen littattafai ya cika da Larabci da Farisanci, manomi ba ya gane takardar da hukuma ta rubuto masa ko an karanta masa ita. Da aka ƙirga jama'a cikin 1927, wajen mutum 1 cikin 10 ne ya iya karatu.

Aka sa masana suka tsara haruffa 29 daga na Rumawa, kowane sauti da harafinsa. An ruwaito cewa da suka ce sauyin zai ci shekara 5 ko 15, Kamal ya ce ko a yi shi cikin wata 3 ko ba za a yi shi ba har abada, domin in aka bar tsohon rubutu a jarida kusa da sabo, kowa tsohon zai karanta. Ran 1 ga Nuwamba 1928 aka yi doka. Shi da kansa ya ɗauki baƙin allo da alli yana zagaya garuruwa, ya tsaya a dandali ya kira mahauci ko mai unguwa ya ce zo rubuta sunanka. Aka buɗe makarantun manya ko'ina daga farkon 1929, aka ba shi sunan Babban Malami. Aka hana buga littafin Turkanci da tsohon rubutu, cikin 1929 kuma aka daina koyar da Larabci da Farisanci a makarantun sakandare.

Ribar a fili ta ke. Yaro ya kan iya karatu cikin 'yan watanni, cikin 1935 masu karatu sun kai wajen mutum 1 cikin 5, yau kuwa sun wuce 95 cikin 100, ko da ya ke yawan makarantu ya taimaka a nan fiye da siffar haruffa. Hasarar ita ma ba a ɓoye ta ke ba. A dare ɗaya shehun malami ya koma ɗan babbaƙu. Bayan tsara guda, jika ba ya iya karanta wasiƙar kakansa, ko rubutun da ke bisa kabarinsa, ko littattafan da ke cike da ɗakunan karatu na Santambul. Daga 1932 aka kuma shiga fid da kalmomin Larabci da Farisanci ana ƙirƙiro na Turkanci, har ta kai dogon jawabin da Kamal ya yi wa jam'iyyarsa cikin 1927, wanda ya ɗauki kwana 6, sai da aka juya shi zuwa sabon Turkanci a cikin shekarun 1960 don samari su gane.

In muka auna da namu, za mu ga bambanci. Boko ya shigo ƙasar Hausa ta hannun baƙi, tun makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, shi ya sa iyaye suka daɗe suna ƙyamarsa. Amma ba a yi dokar hana ajami ba, makarantar allo ba ta rufe ba, saboda haka waƙoƙin malaman jihadi ba su rasa masu karanta su ba. Turkawa nasu ne ya kawo musu, mutumin da ya ceci ƙasarsu, don haka suka karɓa da sauri, sai dai shi bai bar musu gadar komawa ba.

Akwai wurin da dokar ta ci tura. Cikin 1932 aka ce a riƙa kiran salla da Turkanci, har sunan Allah aka musanya da kalmar Tanri, cikin 1941 kuma, bayan rasuwar Kamal da shekara 3, aka sa hukuncin ɗauri a kan wanda ya yi da Larabci. Shekara 18 ana haka, jama'a na ji suna shiru. Duk wannan lokaci jam'iyya ɗaya ce ke mulki. Ran 14 ga Mayu 1950 aka yi zaɓe na gaskiya, manoman ƙauye suka ka da jam'iyyar Kamal, Adnan Menderes ya zama firayim minista. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka, ana gab da shiga azumi, majalisa ta cire hukuncin. Ba ta ce a yi da Larabci ba, ba ta kuma hana Turkanci ba, bari kawai ta yi kowa ya yi yadda ya so. A ranar ladanai suka koma Larabci, kiran salla da Turkanci kuwa ya mutu daga nan.

Tun daga lokacin ja-in-ja bai ƙare ba tsakanin masu tsaron gadon Kamal, musamman soja, da masu son a sassauta. Soja suka tuɓe Menderes cikin 1960, suka rataye shi cikin 1961. Aka yi shekaru ana hana mata masu lulluɓi shiga jami'a da aikin gwamnati, sai cikin 2013 aka ɗage hanin ga ma'aikata. Aya Sofiya, babbar majami'ar Rumawa wadda Muhammadu na Biyu ya mai da masallaci, Kamal kuma ya mai da ita gidan tarihi cikin 1934, ta sāke zama masallaci cikin 2020. Amma ba wata jam'iyya mai ƙarfi da ta nemi a komo da Halifa, ko dara, ko auren mata huɗu a doka. Haruffan nan 29 kuwa da su liman ke rubuta huɗubarsa. Cikin 2014 aka ƙara faɗaɗa koyar da tsohon rubutun a makarantun sakandare, wajibi ga masu koyon limanci, ga saura kuwa sai wanda ya so, yana koyonsa daga alif kamar yadda a ke koyon baƙon harshe.